Naman da Ba Ya Jin Zafi

Kano, ranar Litinin

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Yahya da yara da duk mutanen Janfalan. Da fatan ƙafar Malam ta yi sauƙi. Ni ma da sauƙi, alhamdu lillahi. Na san da ganin rubutun nan za ki ce ba Safiyanu ba ne, kaza ce ta bi ta kan takarda. Ni ne. Da hagu nake rubutawa.

Labari ya riga ni isowa, kuma na san yadda yake ƙiba a hanya tsakanin Kudan da Ikara, don haka ga shi daga wurina. Ranar Alhamis da hantsi muna matsar rake, ni ke tura wa inji, abokin aikina Inuwa yana kan kaskon mazarƙwaila. Wani guntun rake ya tokare a bakin ƙarfen, na sa hannu in ture shi ban kashe injin ba, abin da na sha yi. Ya cafki hannun rigata ya ja. Kafin Inuwa ya kashe shi, ya kwashe fatar bayan hannuna na dama tun daga wuyan hannu har gindin yatsu. Ƙashi ɗaya kawai ya tsage. Amma na ga fararen jijiyoyina da idona, Yaya, suna motsi.

Aka wanke aka ɗaure, aka ce mu wuce Kano. A nan akwai likitan hannu, Likita Ikrima. Ya ce siririyar fata ba ta kama jijiyar da take tsirara, kamar ka zuba iri a kan dutse ne, sai an samo nama mai jininsa. Sai ya yanko fata da kitsenta daga gefen marata, bai cire ta duka ba, ya bar gefe ɗaya a manne da jikina don jini ya ci gaba da shiga, ya rufe bayan hannun da ita ya ɗinke. Wato yanzu hannuna a ɗinke yake a cikina. Ki sake karantawa, haka na rubuta. Zai zauna a haka wajen mako uku, har naman ya fara shan jini daga hannun, sannan a raba su.

Matata Bilki tana nan tare da ni. Tun da sanƙarau ya tafi da jinki waya ba ta da amfani tsakaninmu, kuma ba na son wani ya tsaya gabanki yana kwatanta miki wannan abu da hannu, ya ƙara gishiri. Iliyasu direba, mai kawo mana kaya Kano, zai riƙa ba matan garinku takarda ranar kasuwar Makarfi, ke ma ki bayar ta nan.

Ki yi mini addu'a naman ya kama. Likita ya ce idan bai kama ba maganar yanke hannun za ta iya tasowa. Ban gaya wa Bilki wannan ba.

Autanki,
Safiyanu


Janfalan, ranar Talata

Safiyanu,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ya bar ka da ranka. Malam yana yi maka sannu. Ƙafarsa ce ta hana ni tahowa, ko bayan gida sai na riƙe shi, ga matar maƙwabcinmu Auwal cikinta ya tsufa, yau ko gobe, kuma ba wata ungozoma a unguwar nan sai ni. Da ba don haka ba da tuni ka gan ni tsaye a kanka, kuma ba da sannu zan fara ba.

Sau nawa na ce maka ka riƙa kashe ƙarfen nan? Tun kana rarrafe kake sa hannu inda ba a aike ka ba. Inna ta rasu ta bar mini kai ko yaye ba a yi maka ba, na goya ka har bayana ya yi kanta, ban raine ka don in ciyar da injin Inuwa ba. Na yi kuka, idan kana son ka sani. Na yi a bayan ɗaki don kada yara su gani.

Maganar ɗinki kuwa, na karanta na sake karantawa, na kai wa Malam, ya ce abin da na gani shi ya gani. Na ga ciwo iri-iri a duniya. Na ga ƙahon sa ya farke cinyar makiyayi, na ga wanda lauje ya raba wa tafin hannu, ban taɓa jin an ɗinke mutum a jikin kansa kamar bakin buhu ba. Ka tabbata likitan nan ya gama makarantar? A kasuwa cewa ake yi an riga an yanke hannun, dungun aka cusa maka a bandeji don kada zuciyarka ta buga. Na ce ƙarya suke yi. Amma tun daga lokacin abinci bai zauna mini ba. Ka sa Bilki ta leƙa ta ƙirga yatsun, ka rubuto mini nawa ta gani.

Da wane hannu kake cin tuwo? Yaya kake alwala? Wa ke ɗaura maka wando? Ba ka faɗi ko ɗaya ba, sai tarihin likita.

Ga man shanu da daddawa nan a hannun Iliyasu. Rubutun kuma kada ya dame ka, dama na daman ba wani abin a zo a gani ba ne.

Yayarka,
Hajo


Kano, ranar Lahadi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kaya sun iso, Allah ya saka. Barka da saukar matar Auwal, Iliyasu ya ce namiji ne.

Bilki ta ƙirga, biyar ne. Ni ma ina ganin kansu suna leƙowa ta ƙasan bandeji, kuma ina ɗan motsa su. Ki gaya wa mutanen kasuwa su nemi wani aikin.

Tun da kin tambaya: wando babu, zane nake ɗaurawa kamar tsohuwa. Taimama nake yi da hannu ɗaya, in yi salla a zaune. Abinci Bilki ta fara ba ni a baki, na ga ba zan iya ba, ƙato da ni a gaban mutane, yanzu cokali nake riƙewa da hagu. Na tambayi wani malami da ke zuwa duba marasa lafiya, ya ce lalura ce, babu laifi. Duk da haka loma ba ta yi mini daɗi.

Ciwon ba shi ne abin ba, zaman ne. An naɗe damtsena da jikina, ba juyi, ba miƙa, kafaɗa ta ƙage, hamata tana ƙaiƙayi ba halin susa. Tari ma sai na yi dabara. Nas-nas suna zuwa a kai a kai su danna naman da yatsa, ya yi fari, su tsaya suna kallo har jan ya dawo. Duk lokacin da suka danna numfashina tsayawa yake yi.

Dalili kuwa shi ne maƙwabcina na gado, Jumare, wani Bafulatani daga wajen Makarfi, an yi masa irin aikina a sangalin hannu. An hana shi taba, wai tana tsuke hanyar jini, ya ce to, ashe yana ɓoye ta a hula. Ga shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Shekaranjiya aka danna nasa, jan bai dawo ba. Ya koma shuɗi, yau ya yi baƙi, sun shiga da shi tiyata. Mutumin da ke ba mu dariya da labarin shanunsa, ga shi an tura shi a gado an fita da shi. Tun daga nan ko motsin kirki ba na yi, ina kwance kamar an dasa ni.

Hankalina kuma yana gona. Rake na tsaye, lokacin matsa na wucewa, Inuwa ya ɗauki wani yana tura masa. Idan janareton asibiti ya tashi sai in ji kamar injinmu ne, ƙafata ta fara neman takalmi.

Safiyanu


Janfalan, ranar Talata

Safiyanu,

Bayan gaisuwa. Kasuwa biyu ke nan matan suna dawowa hannu wofi. Sun ce ba su ga Iliyasu ba, wai motarsa ta lalace a hanya. Mota ce ta lalace ko kuwa akwai abin da ba a son in sani? Labarin Bafulatanin nan da ka ba ni ya tsaya mini a rai. Mutum mai hankali ba ya rubuta wa yayarsa irin wannan sannan ya yi shiru.

Malam ya fara takawa da sanda. Na bar masa yara jiya na hau babur har Kudan, ko zan samu wanda ya yi waya da ku. Gidanka a rufe. Na je wajen matsa na tarar da Inuwa, ya yi ta magana yana kau da kai, ni kuwa idan mutum bai fuskance ni ba ban san abin da bakinsa ke faɗi ba. Na kama haɓarsa na juyo da shi, a gaban yaransa. Ya ce lafiya kake, an kusa rabawa. Ban yarda da shi sosai ba, idonsa yana da rawa.

Na tsaya na kalli injin. Ƙaramin abu ne ashe. Yana ta juyi abinsa kamar bai yi komai ba.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Hajo


Kudan, ranar Litinin

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini, takardu biyu na rubuta suna aljihun Iliyasu, shi kuma yana gareji. Ki bar haɓar Inuwa ta huta, har yanzu ana yi masa tsiya a kanta.

An raba, Yaya. Naman ya kama. Kafin su yanke sai da suka matse gindinsa suka tsare jinin da ke zuwa daga ciki, suka danna, jan ya dawo da kansa. Likita Ikrima ya ce, “Malam Safiyanu, ya zama naka.” Ranar da na ɗaga hannuna sama na sosa ƙeyata, Bilki ta yi ta dariya tana share hawaye. Mun dawo gida shekaranjiya.

Kada ki sa ran ganin hannun da kika sani. Bayansa ya yi tudu kamar an ɗora masa waina, launinsa daban, har da ’yan gashin ciki a kai. Likita ya ce duk ranar da na yi tumbi shi ma zai yi. Za a iya rage shi nan gaba.

Abu biyu ke damuna. Na farko, naman ba ya jin komai. Na tsikare shi da tsinke ina kallo, kamar jikin wani nake taɓawa. Likita ya ce haka yake, an kawo shi da jininsa amma ba a kawo shi da jinsa ba, zai daɗe kafin ya fara ji, idan ma zai ji. Saboda haka ya ja mini kunne: ban da ruwan zafi, ban da jin wuta, ban da kusantar kaskon mazarƙwaila, don zai iya ƙonewa ban sani ba. Na ce masa ina da yaya wadda duk ƙasar Ikara aka san ta da gashin jiki da ruwan zafi. Ya ce to ita ce ta farko da zan gaya wa. Ga shi na gaya miki.

Na biyu, yatsun sun sandare. Ba sa dunƙulewa, ko kofi ba na iya ɗauka. Sun ba ni wata ƙwallon roba in riƙa matsawa, da motsi iri-iri safe da yamma, suka ce a hankali zai saki, wata da watanni. Wata da watanni, Yaya. Daga tsakar gida ina jin ƙamshin mazarƙwaila, ina jin injin, ni kuwa ina zaune ina wasa da ƙwallo kamar ɗan yaye. Jiya na yi jifa da ita ta faɗa gidan maƙwabta, sai da Bilki ta je roƙo.

Autanki,
Safiyanu


Janfalan, ranar Talata

Safiyanu,

Alhamdu lillahi. Na yi sadakar waina, na kuma janye abin da na faɗa a kan makarantar likitanka. Ɗinki ya iya, ban ƙi ba. Amma kowa da inda ya ƙware.

Ka ce yatsu sun sandare, ka ce nama ba ya ji. Duk abu ɗaya ne, sanyi ne ya shige shi. Hannun da ya yi makonni a ɗaure ba motsi, me kake so ya yi? Naman da ba ya ji barci yake yi, kuma ban san abin da ke tada shi ba sai ɗumi. Ƙafar Malam da me ta saki? Matar Auwal da me ta miƙe? Ƙwallon roba aka ba su?

Likitanka tsoron ƙuna yake yi, kuma yana da gaskiya, don akwai masu gashin da ba su san aikinsu ba. Ni shekara talatin ina yi ban taɓa tayar wa kowa fata ba, ka tambaya. Sauran mata kunne suke sa wa, su jira mutum ya yi ƙara, alhali wani yana da kunya, wata tana da taurin rai, sai ta ƙone ba ta ce komai ba. Ni da ba na ji, fuska nake kallo. Baki yana ɓoye zafi, amma gefen ido da saman hanci ba su iya ƙarya ba. Da na ga wurin ya motsa nake ɗaga tsumma, tun kafin mai jikin ya san ya ji. Fuskarka kuwa na fi ka saninta.

Ina nan tafe ranar Juma'a. Ba zan yi maka dole ba, gemu gare ka. Zan zo in gani da idona.

Hajo


Janfalan, ranar Talata

Safiyanu,

Na iso gida lafiya, Malam yana gaishe ka. Yaya hannu? Na san zuwa yanzu ya fara saki.

Ban gaya maka a can ba, amma da ka kwance shi na gani, sai da na tsorata. Na daure ne don kada ka gani a fuskata. Na kuma ji daɗi da ka miƙo mini shi da kanka, bayan duk jan ƙafar da ka yi kana kawo mini likita ya ce, likita ya ce. Na ga yadda kake kallon hanyar wajen matsa. Mutum irinka ba zai kai damina yana matsa ƙwallo ba.

Ban taɓa gasa mai jimiri irinka ba. Na ɗora tsumma na farko ina kallonka, kana ba ni labarin Bafulatanin nan da hularsa, ko gira ba ka ɗaga ba. Na ce sanyin ya yi nisa. Na ƙara wuta, na ɗora na biyu na danne, kana dariya. Sai a na uku, da ruwan ya kai yadda nake so, na ga naman ya yi ja wur, na ce yauwa, jini ya taso, ya farka. Da ka ga yadda zuciyata ta yi sanyi.

Ka ba Bilki haƙuri. Ta dawo daga gidan suna ta tarar ina naɗe maka shi da man shanu, ta yi ta ɗaga hannu, bakinta na gudu ban kama ko kalma ɗaya ba. Yarinya ce, ta sha wahalar asibiti, komai tsoro yake ba ta. Da motar la'asar ba ta matsa mini ba da na zauna na lallashe ta. Ina fatan kun bar naɗin har safe kamar yadda na ce.

In na ƙara gasa shi sau biyu ko uku nan gaba, za ka riƙe rake. Ka aiko mini da mazarƙwailar farko.

Hajo


Janfalan, ranar Talata

Safiyanu,

Matan sun ga Iliyasu, motarsa lafiya lau, ya ce ba a ba shi takarda ba. Sun ce da suka ambaci sunana sai ya shiga ɗaure kaya.

Fushi kake yi da ni a kan Bilki? Ko hannun ya saki har ka koma aiki ka manta da mutane? Idan haka ne na yafe. Na aiki ɗan Malam zuwa Kudan, ya dawo ya ce gidan a rufe yake, maƙwabta sun ce kun yi tafiya. Tafiya ina, da wannan hannun?

Na ɗora tuwo jiya na manta da shi har ya kama. Na fita ƙofar gida na dawo ban san sau nawa ba. Kowa a gidan nan idan na shigo sai ya juya mini baya yake magana, sun san abin da suke yi.

Ka gaya mini, ko mene ne.

Hajo


Kano, ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Na daɗe ina juya takardar nan, ni na hana kowa ya gaya miki, don na fi son ki ji daga wurina.

Muna asibiti. Motarki na tashi Bilki ta kwance naɗin. Wurin ya riga ya yi bororo, kafin magariba fatar ta fara saluɓewa. Ina kallo, Yaya, kamar hannun wani. Ko ɗigon zafi ban ji ba, har yanzu ban ji ba. Da gari ya waye muka kamo hanya.

Likita Ikrima bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Wa ya yi?” Na ce ni ne. Kuma ba ƙarya na yi ba. Ni aka ja wa kunne, ni na san naman ba ya ji, ni na miƙa miki shi saboda na gaji da jira. Na ce a raina ɗan ɗumi ne, me zai yi. Ke fuskata kike kallo, fuskata kuwa ba ta da labari, don ba abin da ya iso mata. Naman nan kurma ne kamarki, sai dai shi bai iya karanta baki ba.

Rabin naman ya mutu, sun yanke shi. Jijiyar da ke ɗaga yatsan nuni ta ƙone ta bushe, ita ma sun cire. Sauran suna nan. An sake yanko nama daga ɗaya gefen cikin, an sake ɗinke ni. Ina kan gadon da Jumare ya bari, da zanena, da cokalina. Likita ya ce wannan ne na ƙarshe da cikina zai iya bayarwa cikin sauƙi. Idan suka danna ina rufe ido, Bilki ce ke kallo ta gaya mini.

Yatsan ba zai ƙara tashi da kansa ba sai an yi wani aikin nan gaba, shi ma bai yi mini alkawari ba. Shi ne wanda nake ɗagawa a tahiya. Rake kuma na bana ya wuce ni, na bar wa Inuwa.

Ba na fushi da ke. Bilki tana yi, ba zan ɓoye miki ba, amma za ta huce.

Safiyanu


Kudan, ranar Litinin

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Wannan ce ta huɗu da na aiko ba amsa. Yanzu na san yadda kika ji.

Naman ya kama. An raba, mun dawo gida, hannu yana nan a jikina, tudu biyu maimakon ɗaya. Yatsu huɗu suna ɗan lanƙwasawa, na biyar yana kwance abinsa.

Iliyasu ya ce matan garinku sun ce kin kife tukunyar gashin a bayan ɗaki, an zo kiranki wankan jego kin ce a nemi wata, ba kya fita ko suna. Malam ya aiko cewa kin rame. Wannan ba zai dawo mini da yatsa ba, Yaya, sai dai ya ƙara mini wani ciwon.

Ga abin da ya sa na rubuto. Likita ya ce tabon zai ƙage ya riƙe jijiyoyin idan ba a murza shi ba. Ana son a riƙa shafa mai ana murzawa da ƙarfi, safe da yamma, ana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba wuta, ba ruwa, hannu kawai. Na tambaye shi man shanu, ya ce ya yi. Bilki tana gwadawa amma tsoro take ji, shafa shi take yi kamar kan jariri. Ni kuma hagu ba ta da ƙarfin. Na duba duk dangi ban ga mai yatsu irin naki ba. Bilki da bakinta ta ce in rubuto.

Ki zo. Ki bar tukunyar inda take.

Ki duba ƙasan takardar, sunan nan da dama na rubuta shi, alƙalamin a maƙale tsakanin babban yatsa da na tsakiya. Na san abin da za ki ce.

Safiyanu


Janfalan, ranar Talata

Auta,

Wa alaikumus salam. Duka huɗun sun iso, suna ƙarƙashin matashina. Na ɗauki alƙalami ya fi a ƙirga, ban san da wace kalma ake fara irin wannan ba.

Ka ce kai ne. Ka bar wa likita wannan maganar, ni na san hannun da ya ƙara itace a wutar. Ka rubuta mini ƙuru-ƙuru cewa naman ba ya ji, na karanta, na fahimci abin da nake so in fahimta. Ina tsaye a kanka kana ƙonewa, ina murna. Duk sallar da na zauna tahiya na ɗaga yatsana sai na kasa ƙarasawa. Ka yafe mini. Ka ce wa Bilki ita ma ta yafe mini, ta yi ta kirana da hannu biyu ban saurare ta ba.

Na ga sunan. Ya fi na hagun muni, kuma ban taɓa ganin rubutun da ya kai shi kyau ba.

Zan zo ranar Juma'a, in zauna har sai ka kore ni. Malam ya yarda. Na kaɗa man shanu sabo. Ka sa Bilki ta zauna kusa da ni, ta fuskance ni, ta nuna mini duk yadda likitan ya ce a hankali, ni kuma in yi yadda ta ce. Idan ta ɗaga hannu zan tsaya.

Kai kuma ka yi ta surutunka da dariyarka, ba zan ɗago ba. Shekara talatin ina kallon fuskokin mutane. Wannan karon hannun zan kalla.

Yayarka,
Hajo